Takarda Ɗaya, Rabo Daban

'Yar uwa mai karatu, kullum ana ce mana ilimi gishirin zaman duniya. Ban musa ba. Amma fa gishiri sai da miya a tukunya, kuma ba kowane gida ke da abin ɗorawa ba.

Tun 1991 muke da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a nan Dutsin-Ma, a 2011 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe mana jami'a. Takarda dai ta shiga gida-gida. Abin da ake ci da ita ne ya bambanta.

Na san 'yan mata biyu da suka gama NCE aji ɗaya. Ta farkon 'yar cikin gari ce, babanta tsohon ma'aikaci, kawunta na Abuja. Da aka buɗe ɗaukar N-Power a 2016, ranar yayanta ya cika mata fom a kwamfuta, ta riƙa karɓar naira 30,000 duk wata. Ko omo ba ta saya da kuɗin, tarawa ta yi ta koma digiri. Da gurbi ya fito a wata ma'aikata, waya ɗaya kawu ya buga.

Ta biyun kuwa daga wani ƙauye take a ƙasar Kurfi. Tumaki uwarta ta sayar aka yi karatun, kuma wallahi ta fi waccan ƙoƙari. Labarin fom bai kai ƙauyensu ba sai da aka rufe. Ta samu wani aikin a Katsina, ta rasa gidan sauka, mahaifinta ya ce budurwa ba ta zaman ɗakin haya. Ni dai ban ga laifinsa ba. Yanzu tana koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi kan 15,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Daga ciki ake cefane, don 'yan bindiga sun hana tsohon zuwa gonar nesa. Da a Kano aka haife ta, ga makarantu birjik, ga lesin yamma a gidajen masu hali. A ƙauyensu wa zai biya kuɗin lesin?

Abin da ya fi tsaya mini a rai, yanzu da ita matan ƙauyen ke misali: "Ga wance nan ta yi bokon, me ta tsinana?" Bana aka cire ƙanwarta daga aji uku na sakandare, an sa biki bayan Sallah.