Datsun ɗin Baba da darasin inci ɗaya

Yau labarin mota na kawo muku, domin wata huɗu ke nan tana hana ni barci.

A gidanmu da ke Agege, nan Legas, akwai wata Datsun 260Z ƙirar 1975 wadda Baba ya saya a hannun wani tsoho tun kafin a haife ni, lokacin da cinikin goro ke garawa. Mota ce mai dogon hanci, kujera biyu, inji mai silinda shida a jere, lita 2.6. Ta yi shekaru a ƙarƙashin tampol, har ranar da Baba ya miƙo mini makulli, saboda idonsa ya daina ganin hanya da kyau. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: in tashe ta, in kai shi filin Idi a cikinta.

Inji bai ba mu wahala ba. Ƙafa ce matsalar, kuma ni na jawo ta da hannuna. Na cika kallon hotunan irin wannan mota a Japan da Amurka, an kwantar da su ƙasa har taya na shiga cikin jiki, sai na ji tamu ta yi tsaye kamar raƙumi. Wani abokina ya ce abu mai sauƙi, a yanke sifirin kawai. Muka sa inji muka datse zagaye ɗaya da rabi a na gaba, muka mayar a kan tsofaffin shokazoba. Ido ya ga kyau, wallahi. Amma ranar da na ɗauki Baba gwaji, tudun rage gudu na farko da muka hau sai na ji ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙasan motar ya karci kwalta, kanta na ta sama da ƙasa kamar kwalekwale. Baba bai yi faɗa ba. Da muka dawo cewa ya yi, "Ka rage mata tsawo, ka ƙara mini ciwon baya." Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon bakanike Bayarabe, abokin Baba ne tun suna samari, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya leƙa ƙasa ya girgiza kai, sannan ya zaunar da ni a benci. Ya ce sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Shokazoba ba ya ɗaukar kaya, aikinsa ya kashe rawar da sifirin ke yi bayan an faɗa rami, ta hanyar tura mai ta cikin ƙananan ƙofofi. Idan ka yanke sifirin ka yi ɓarna biyu: ya ƙara tauri, domin duk sifirin da zagayensa ya ragu ƙarfinsa ƙaruwa yake, sannan ka cinye tazarar da taya ke da ita ta yin sama kafin ta kai maƙura. Tsohon shokazoba da aka yi wa sifirin mai laushi ba zai iya riƙe mai tauri ba. Ga robar nan da ke tare ƙarfe a maƙura, tamu ta riga ta zama gari. Ya ƙara da cewa gara ma mu da muka yanke, masu gasa sifirin da wuta don ya kwanta sun kashe ƙarfen gaba ɗaya.

Daga nan na shiga bincike. A wannan mota, gaba da baya, shokazoba a cikin wani bututun ƙarfe yake zaune, sifirin ya kewaye shi, don haka cikin ake zarewa a sa sabo. Sai dai bututun 240Z da 260Z na farko-farko ya fi na waɗanda suka biyo baya siranta. Duk wanda bai auna nasa ba kafin ya yi oda, kuɗinsa na iya tafiya a banza. Na zaga Ladipo sau biyu, kayan Toyota da Honda kamar ƙasa, amma motar da ta kai shekara hamsin sai dai a yi odar kayanta daga waje. Tun da aka saki naira a 2023 kuwa, duk abin da ake biya da dala sai ka yi lissafi sau uku.

Zaɓi uku ne a gabana. Na farko, sifirin mai tsayin kamfani da shokazoba na yau da kullum irin KYB Excel-G, ya fi araha, ya fi taushi. Na biyu, sifirin da aka ƙera shi gajere tun daga masana'anta, mai sauke mota kimanin inci ɗaya, wato milimita 25, a haɗa shi da shokazoba mai ƙarfin riƙe shi, irin Koni mai ruwan ɗorawa wanda ake murɗa kansa a ƙara ko a rage tauri. Na uku, irin na masu tsere, da ake sauke mota inci biyu ko uku. Wannan na ukun shi zuciyata ke so, shi ne kuma hanyar unguwarmu ba za ta yarda da shi ba, musamman da damina idan ruwa ya rufe ramuka.

Abin da ya kashe mini gardama tarihi ne. Yayar motarmu, 240Z, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, a kan hanyoyin laka da duwatsu. Na duba hotunan motocin da suka ci, sai na ga ɗaga su aka yi. Wato waɗanda suka san motar fiye da kowa, da suka zo ƙasa irin tamu, tazara suka nema.

Na ɗauki na biyu. Na haɗa da sabuwar robar maƙura da sababbin bushin, na jira har kuɗin ya cika daga ɗan abin da nake samu a rumfar Baba. Da aka ɗaura aka yi saitin tayoyi, sai wani abin dariya ya fito: tsofaffin sifirin na baya sun riga sun lotsa da shekaru, don haka da ƙyar za ka ga bambancin tsayi. Bambancin a tuƙi yake. Na murɗa shokazoba zuwa mafi laushi, motar ta daina rawa, a kwana ba ta kwanciya gefe, tudu kuma in na bi a hankali ba ta taɓawa.

Ranar Sallah Baba ya shiga da babbar rigarsa, muka hau gadar Pen Cinema. Bai ce komai ba har muka dawo gida. Da zai fita ya dafa rufin motar ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Gobe ka kai ni wajen abokina ya gani."

Wanda duk ke da tsohuwar mota yana son sauke ta, ya fara auna tudun ƙofar gidansu kafin ya kalli hoto.