Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ni malamin ofis ne a nan Anka, aikin nan da iyayenmu ke kira malantar En'e. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma duk wanda takarda ta tsare a danginmu ni yake nema. Ta haka na shiga al'amarin tafiyar kawuna zuwa ƙasar Sin, na kuwa sha kunyar da ta koya mini hankali. Shi ne na ga ya kamata in rubuta, ko wani ya amfana.

Kawun nan nawa ɗan kasuwa ne a Gummi, yana sayar wa manoman fadama injin ban ruwa. Ya daɗe yana saro kaya a Kano, sai ya ji labarin kasuwar baje koli ta birnin Gwanzu, wadda aka fara a 1957, tana ci sau biyu a shekara, watau Afrilu da Oktoba. A farkon 2018 ya ƙudura zuwa ta Afrilu, don kayan su biyo jirgin ruwa su iso kafin rani. Manoma da yawa suka ba shi kuɗinsu tun kafin su ga kaya. Ran nan ya zo ya miƙo mini fasfo, ya ce, "Ɗana, kai ne idona. Kakanka ya tafi Gwanja da jaki, ni zan tafi Gwanzu da jirgi, kwana ɗaya tak."

Maganar nan ta kwana ɗaya ita ta ruɗe mu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi wata da watanni suna shiri. Madugu ya san kowane zango, ya san inda ake biyan fito, ya san sarkin da za a kai wa gaisuwa kafin a ratsa ƙasarsa. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925 da jiragen sama uku suka fara sauka a Kano, tafiya take ta ƙara gajarta, har mutane suka zaci shiri ma ya gajarta. Ina! Jirgi ya rage hanya, amma bai rage shiri ba. Sarakunan hanya na nan, sai dai yanzu gaisuwarsu takarda ce.

Na karɓi fasfo na buɗe, na ga hoton Kawu da hatimi, na ce lafiya lau. Ban dubi ranar ƙarewarsa ba. Da aka kai neman biza sai aka maido mana, wai saura wata huɗu ya mutu, alhali ana son a ga aƙalla wata shida. Kafin mu sabunta shi a Gusau, mu sake neman biza, kasuwar Afrilu ta watse. Layi ɗaya da ban karanta ba ya ci mana rabin shekara.

Da za a yanki tikitin Oktoba, ni na rubuta wa mai sayar da tikiti sunan Kawu. Na rubuta yadda muke faɗi, Muhammadu, ashe a fasfo Mohammed aka sa. A wurinmu suna ɗaya ne, amma a filin jirgi mutum biyu ne. Allah ya sa wani tsohon ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya duba takardun, ya gano tun da sauran kwana goma, aka gyara, amma sai da aka biya. Shi ne kuma ya tambaye mu katin allurar shawara, wadda ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yinta. Ya ce duk wanda zai fita da kuɗin da ya wuce dala 10,000 lalle ne ya bayyana wa ma'aikatan kwastan, in ya ɓoye aka kama, to, ya jawo wa kansa. Ya ce a auna kaya tun daga gida, gama kowace jaka da iyakar nauyinta a rubuce jikin tikiti. Gaskiyar Bahaushe, matambayi ba ya ɓata.

Muka bar Anka da hantsi, muka bi ta Mayanci da Gusau da Funtuwa, muka kwana biyu a Kano kafin ranar tashi. Wannan dabara ta yi kyau, don mai tafiya daga ƙasarmu ba ya bin hanya da dare, mota kuwa ba ta da alkawari. Kawu ya tashi, ya sauya jirgi a Adis Ababa, ya sauka lafiya, ya yi cinikinsa. Na ce to, alhamdu lillahi, mun fita.

Ashe da sauran rina a kaba. A tikitin komowa an rubuta Laraba, 00:30. Da ya bugo waya yana tambaya, sai na ce masa, "Kawu, Laraba da dare ne, sha biyu da rabi." Mai karatu, dubi nan da kyau. Masu jirgi suna fara ƙirga rana daga tsakar dare, saboda haka 00:30 na Laraba, Talata ce da dare, wayewar Laraba. Da na ce masa daren Laraba, irin lissafinmu da dare ke gabatar rana, da ya dace. Kawu ya je filin jirgi Laraba da magariba, aka ce jirginsa ya tashi tun jiya. Ga shi a ƙasar da ba ya jin harshenta, guzuri ya ƙare, kwanakin biza sun kusa cika. Agogonsu ya riga namu da awa 7, saboda haka sa'ad da yake cikin wannan hali ni ina ofis da rana, ban san abin da na aikata ba. Sai da wasu 'yan kasuwar Kano suka ranta masa kuɗi ya sami kujera a wani jirgin.

Kayan kuwa ba su iso Gummi ba sai da noman rani ya yi nisa. Waɗansu manoma suka haƙura, waɗansu suka karɓe kuɗinsu. Kawu bai zage ni ba, abin da ya ce kurum shi ne, "Malam, ashe ido ma yana bukatar ido." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kada a zaci talaka kaɗai wannan ke ci. Attajiran da ke ɗaukar shatar ƙaramin jirgi don harkokinsu, nasu shirin ya fi yawa. Bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a Shikago a 1944, kowace ƙasa ita ke da mulkin samaniyarta. Jirgin shata sai ya nemi izinin ratsawa daga ƙasashen da ke kan hanya, da izinin sauka, da inda zai sha mai, da hutun matuƙa. Izinin nan kuwa yakan sāke ba zato. A Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a samaniyar Zamfara, a ran 6 ga Agusta 2023 kuma Nijar ta rufe tata, jirage suka dinga yin zagaye. Hazo ma in ya sauko yakan hana sauka a Sakkwato ko Kano, ba ruwansa da mai kuɗi.

Mafi munin kuskure shi ne gaggawa. Mutanen ƙasarmu ba su manta da ran 11 ga Yuli 1991 ba, sa'ad da jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zai zo Sakkwato, ya kama wuta, mutum 261 suka rasu. Bincike ya nuna akwai tayoyin da iskarsu ta gaza, aka tashi a haka don gudun jinkiri. Allah ya jiƙansu. Wanda duk aka ce masa jirgi zai dakata don gyara, ya gode wa Allah, kada ya yi faɗa. Sauri ya haifi nawa.

To, 'yan'uwana da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, ku ne za a riƙa miƙo wa takardun nan a garuruwanku, kamar yadda aka miƙo mini. In sun zo hannunku, ku fara shiri tun da sauran wata uku. Ku bi suna harafi harafi, ku bi kwanan wata lamba lamba, sa'an nan ku kai wa wanda ya taɓa yin tafiyar ya sake dubawa, gama ba kunya ba ce. Ni yanzu ko wasiƙar gayyatar biki aka kawo mini, sai na karanta ta sau biyu. Kawu ya koma Gwanzu a 2019, ni na shirya masa takardu, ya tafi ya komo ran da aka rubuta. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, amin.