Gwajin magani amana ne

Babu wani magani da ke cikin farmasi, tun daga na ciwon kai har zuwa na sankara, wanda bai fara ratsa jikin wani bawan Allah ba kafin a san amfaninsa. Wani ne ya fara haɗiye shi, alhali likitan da ya miƙa masa ma bai tabbatar da abin da zai biyo baya ba. Wannan shi ake kira gwajin magani. A ƙasashen Afirka galibi a asibitin gwamnati ake yin sa, domin nan ne marasa lafiya suka fi yawa, kuma nan ne talaka yake zuwa. Saboda haka ya kamata kowane magidanci, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, ya san abin da ya raba gwajin da ke ceton rai da wanda ke cin amana.

A shekara ta 1957, a asibitin Mulago na birnin Kampala, ƙasar Yuganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ayalan, mai suna Denis Burkitt, wani yaro da muƙamuƙansa suka kumbura har fuskarsa ta sauya kama. Ba a jima ba ya ga wani yaron da irin wannan kumburi. Ya shiga tonon tsoffin takardun asibitin, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38. Wata irin sankara ce mai saurin tsiya, wadda kan ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a wancan zamani ba a san yaron da ya tsira daga gare ta ba sai ƙalilan. A 1961 shi da abokansa likitoci biyu suka hau mota, suka yi tafiyar kimanin kilomita 16,000, suna bin asibitoci fiye da 50 suna tambaya. Sun gano cutar ta fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, watau inda zazzaɓin cizon sauro ya yi gida. Daga naman ƙarin da ake aikawa Landan kuma, a 1964, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cuta ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam.

Mulago ba ta da na'urar ƙona sankara da haske a lokacin, fiɗa kuwa ba ta amfana komai. Sai likitocin suka koma ga magunguna irin su methotrexate da cyclophosphamide. Abin da ya biyo baya ya ba duniya mamaki: wani yaron allura ɗaya ko biyu, kumburin ya narke. A Ibadan ta Najeriya ma Victor Ngu, likita ɗan Kamaru, ya yi irin wannan aiki. Amma narkewar ƙari ba ita ce warkewa ba. Wa zai faɗi ko yaron yana raye bayan shekara biyu, bayan an sallame shi ya koma ƙauyen da babu gidan waya? A 1967 aka buɗe cibiyar jinyar wannan cuta a Mulago, da haɗin gwiwar cibiyar binciken sankara ta Amurka, aka tsara gwaji bisa ƙa'ida: a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, waɗannan su sami magani ta wannan tsari, waɗancan ta wancan, a rubuta komai, a kwatanta. Abin da ya fi ɗaukaka wannan cibiya kuwa shi ne ma'aikatanta sukan bi yaro har garinsu, su nemo gidan, su gan shi da idonsu, su dawo da shi in ciwon ya taso. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Bayan Idi Amin ya karɓi mulki a 1971, baƙin likitoci suka yi ta barin ƙasar. Aikin ya koma hannun wani matashin likita ɗan ƙasa, Charles Olweny, wanda ya riƙe cibiyar cikin shekarun tsoro da rashi. A 1979 aka wallafa sakamakon bin sawun marasa lafiya 157 na tsawon shekara goma: kimanin rabinsu sun tsira. Da ba a bi yaran gida ba, da babu wannan lissafi.

Labari na biyu ya fi kusa da gida. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne: rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su sanannen magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi ba. Masu gwajin sun tafi bayan ƴan makonni. An yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano kan dala miliyan 75. Amma asarar ta wuce kuɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da ke bakin mutane, cutar kuma ba ta tsaya a kan iyaka ba.

A Mulago ma yara sun mutu, domin gwaji ba ya yi wa kowa alkawarin rai. Bambancin shi ne a can an zauna da mutane shekara da shekaru, a Kano an zo an wuce.

Wannan magana ta shafi Nijar kai tsaye. A 2021 ne aka fara ƙona sankara da haske a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai. Kafin nan sai mai hali, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa, ya fita waje. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe masu arziki yara fiye da 80 cikin 100 masu sankara suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. Cike wannan giɓi yana buƙatar bincike a gida, domin awon maganin da ya dace da yaron da ke ƙoshe a Faransa zai iya kayar da yaron da tamowa da zazzaɓi suka riga suka rarake. Ƙin gwaji ɗungurungum ba mafita ba ce.

Sai a dubi uban da ya taso daga Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 900, ya sayar da ƴan bisashensa, yana kwana a farfajiyar asibiti, aka miƙo masa takarda da Faransanci aka ce ya dangwala yatsa. A kasuwa ba ya karɓar buhu sai ya soka masa hannu. To ina ga ran ɗansa? Haƙƙinsa ne a fassara masa takardar da harshensa, a gaban shaida. Haƙƙinsa ne ya ji wane magani ne, wace illa aka sani, wace hukumar ƙasa ta ba da izini, wa zai biya kuɗin mota da na jinya in abu ya ɓaci. Haƙƙinsa ne ya ce a'a, ko ya janye a tsakiya, ba tare da an rage wa ɗansa kulawa ba. Waɗannan ba alfarma ba ne, ƙa'idoji ne da likitocin duniya suka ɗora wa kansu tun sanarwar Helsinki ta 1964.

Tambaya ta ƙarshe da ya kamata uban nan ya yi ita ce wadda ta fi tona asiri: bayan an sallami yaro, wa zai zo ya duba shi, kuma har tsawon shekara nawa? Likitan da ke da amsa ya cancanci a ba shi amana. Wanda ba shi da ita kuwa, sai ya mayar da takardarsa aljihu.