Neman Gidan Na-Kurni

A unguwarsu da ke Kano babu wanda ya san kakanta da wani suna sai Malam Na-Kurni. Ya rasu tun ba a haife ta ba, ya bar allo da gafaka da wannan suna, wanda jikokinsa suke cika takardun makaranta da shi ba tare da ɗayansu ya taɓa ganin garin ba. Da ta shiga karatun kimiyyar harsuna, aka zo darasin nazarin sunaye, sai ta lura cewa sunan da take sa hannu da shi kullum ba sunan mutum ba ne, adireshi ne. Saboda haka da hutun ƙarshen zango ya zo, bayan an gama girbi, ta roƙi baffanta ya raka ta Nijar.

Kafin su tashi ta je wurin kakarta, wadda ta haura tamanin, kuma har yau alkunya ba ta barinta ta ambaci sunan mijinta. Ta ce, "Kaka, in mun je, gidan wa za mu tambaya?" Tsohuwa ta yi shiru, sannan ta ce, "Ku ce mabiyin tagwaye." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Suka bi ta Kazaure zuwa Daura, suka tsaya a rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajida da Daurama ya samo tushe. Daga nan suka ƙetare iyaka a Kwangwalam, suka shiga Ɗan Barto. Wannan iyaka ba ta daɗe kamar yadda ake zato ba. Ingila da Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Gonar gero iri ɗaya ce a hagu da dama, gaisuwa ma iri ɗaya. Abin da ya sauya nan take shi ne allunan hanya da lissafin kuɗi. Kance ta koma Kantché, Kurni ta koma Kourni, domin Bafaranshe da "tch" yake rubuta sautin da muke rubutawa da "c", da "ou" kuma yake rubuta "u". Mai shayi a Matamaye ya ce dala ashirin, baffa ya tsaya yana kallonsa, har aka fahimtar da shi cewa dala sefa biyar ce, ke nan sefa ɗari ake nufi, jika kuwa dubu. Ta riƙa rubuta kalmomin aro a littafinta: lakwal a madadin makaranta, mushe a madadin malamin boko, kamiyo a madadin babbar mota.

Washegari suka hau babura zuwa Kurni, suka sauka a ƙofar mai gari, kamar yadda ya kamaci baƙo. Baffa ya gabatar da kansa, ya ce suna neman dangin wani Muhammadu da ya bar garin zamanin yaƙin duniya na biyu. Dattawa suka yi murmushi. Ɗayansu ya ce, "Alhaji, a zauren nan kaɗai mu huɗu ne Muhammadu." Sunan Na-Kurni ma bai amfana da kome ba, don a Kurni kowa na Kurni ne. Sunan nisba a waje yake aiki; da ka kai shi gida ya zama fanko.

Sai ta tuna maganar kakarta. Bahaushe yana da sunayen da ke faɗin matsayin haihuwa: Tanko namijin da ya biyo mata, Auta na ƙarshe, Gambo kuwa wanda ya biyo tagwaye. Ta raɗa wa baffa, ya ce, "Ko akwai gidan da aka yi tagwaye maza, Gambonsu ya tafi bai dawo ba?" Zaure ya yi tsit. Wani tsoho ya dubi na kusa da shi, sannan ya kira yaro ya ce ya kai baƙi wani gida a gabashin gari.

Ba a karɓe su hannu biyu ba. An ba su ruwa da fura, amma mazan gidan suka zauna nesa, amsar gaisuwarsu gajera. Daga baya ta gane dalili: wanda ya zo daga birni yana lissafa kakanni, abin da ake fara zato shi ne gona ya zo nema, ga shi gonar da mutum uku suka gada yanzu gidaje da yawa ke ci daga gare ta. Sai da baffa ya rantse cewa ko taki ɗaya ba ya so, zumunci ya kawo shi, sannan aka shigar da su wurin wata tsohuwa mai raunin gani.

Ta nemi izinin ɗaukar magana da wayarta, tsohuwa ta yarda. Ta tambayi baffa sunansa. Ya ce, "Hasan, Yaya." Ta ce, "Ina Husaininka?" Ya ce shi kaɗai aka haifa, tambayar da ake yi masa ke nan tun yana yaro. Tsohuwa ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta buɗe sai ta ce, "Ɗiyata, kashe abin nan." Ta kashe.

A wancan zamani kumandan yakan aiko a ba da mutane don aikin tilas, sarakuna su raba wa garuruwa, mai gari ya raba wa gidaje. Ba a soke wannan tsari a ƙasashen da Faransa ke mulka ba sai da dokar Afirilun 1946, wadda ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny. Kafin nan, gudu zuwa ƙasar Ingilishi shi ne mafitar samari da yawa na bakin iyaka. Da rabo ya faɗo kan gidansu, Gambo aka rubuta. Cikin dare ya sulale ya yi kudu. Da dogarai suka zo da safe ba su koma hannu wofi ba, suka tafi da wansa Hasan, wanda bai daɗe da aure ba. Ya dawo da tari a ƙirji, ya yi 'yan shekaru yana jinya, ya rasu ya bar ɗiya guda. Ita ce wannan tsohuwa. Ta ce, "Uwata ba ta yafe masa ba har ta koma ga Allah. Amma ta shaida mini ubana bai taɓa zaginsa ba. Duk fataken da za su Kano sai ya ce su duba masa ƙanensa."

Baffa, mai shekara sittin da 'yan kai, ya zauna a kan tabarma yana kuka kamar yaro. Ranar ya san dalilin sunansa.

Sun riga sun shirya ganin wuraren tarihi, don haka suka cika niyya. Suka tsaya a fadar Kance, suka bi ta Takeita zuwa Damagaram. A unguwar Birni ta ga fadar sarki da ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimu, da gidajen ƙasa masu zane a fuska. A nan aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, Faransawa suka ci garin a 1899, ya zama babban birnin mulkinsu har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Mai yi musu jagora yana jero sarakuna da shekarunsu ba gargada. Ta yi tunanin cewa tarihin sarakuna yana da ganuwa da maroƙa da takardun Turawa masu riƙe shi, na talaka kuwa sau da yawa ba shi da ma'aji sai suna. Mutumin da ya kasa komawa gida ya ɗora garinsu a kan kansa, ya ɗora wansa a kan ɗansa, ya bar wa na baya su karanta.

Littafinta ya dawo Kano da kalmomin aro fiye da shafi goma, amma babu layi ɗaya daga maganar tsohuwar nan, domin ba a ba ta don nazari ba. Abin da za a iya faɗa a fili sai da aka nemi yardar gidajen biyu.

Da ta shiga ɗakin kakarta tana neman ta inda za ta fara, tsohuwa ta riga ta. Ta ce, "Kun sami na Hasan?" Ta ce, "Ɗiyarsa tana raye, Kaka. Ashe kin sani?" Tsohuwa ta ce, "Shekara arba'in duk Juma'a ina dama furar sadaka. Kina tsammanin ban tambayi ta wane ne ba?" Sannan ta jawo ƙullin da ke ƙarƙashin matashinta, ta ƙirga kuɗin turmin atamfa, ta ce in baffa zai koma da Sallah ya kai wa ɗiyar Hasan, ya ce daga matar ƙanen ubanta.