Rundunar Kara da Dawakin Yumɓu

Ban ƙara yin arzikin mutane irin wanda na yi ina ɗan shekara tara ko goma ba. Runduna gare ni, cike da tsohon adudun Inna wanda gara ta cinye gindinsa, kuma da zarar kaka ta yi aka girbe dawa, gonakin Maska suka koma fili fetal sai kara jibge ko'ina, ba ni da sauran damuwa a duniya sai ƙara yawanta. Nakan raɓe bayan rumbu da guntuwar rezar da na tsinta a inda wanzami yake zama, in ɓare bayan kara in fito da totuwar, fara sol, mai laushi, mai ɗan ƙamshin zaƙi kamar tana so ta zama takanɗa, in yanka ta gunduwa-gunduwa, in soka tsinke biyu su zama ƙafafu, in soka na uku a kafaɗa ya zama mashi. Shi ke nan, an haifi dakare. Bayan kara yana yanka yatsa, irin yankan da ba ka sanin an yi sai da dare, in ka tsoma hannu a miyar kuka.

Abokin gabana ɗan gidan magina tukwane ne, tsarana, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya muka kwanta ɗaki ɗaya muna jinya. Shi dawaki biyar kacal gare shi. Amma wane irin dawaki! Da yumɓun uwarsa yake gina su, ya shafe mako yana gyara wuyan guda ɗaya da jiƙaƙƙen yatsa, ya shanya a inuwa don kada rana ta tsaga shi, sannan ya lallaɓa ya cusa cikin tukwane ranar da za a yi gashi. Washegari sai ya tono shi daga toka da ɗuminsa, ja wur, in ka ƙwanƙwasa da farce ya yi ƙara siririya, ga kuma warin nan na ƙonanniyar ƙasa wanda har yau in na ɗaga sabon tulu zan sha ruwa nakan ji shi a maƙoshi. Lifidi ma yana yi musu. Audugar da ta zube daga mangalar jakuna a hanyar fuloti, wadda ba ta da rabon zuwa injin Bisije a Funtuwa, ita yake tsincewa ya dunƙule cikin tsumma, ya je bakin karofi ya yi ta yi wa marina fadanci har wani ya tsoma masa a baba. Kowane doki da sunansa: Akawal, Kili, Bidi, Danda, Gunya, ko da yake dukkansu launin tukunya ne. Ni kuwa ban taɓa raɗa wa ko mutum ɗaya cikin nawa suna ba. Ina lokacin?

A masussuka ake gwabzawa, bayan mata sun tashi, ƙasa ta yi sumul sai ƙaiƙayi yana bin iskar hunturu yana shiga wuyan riga. Makaminmu ƙwallon goruba ne wanda aka gama gwaigwaya. Ba a jifa, gangarowa ake yi, kowa da layinsa, kuma duk wanda ya faɗi ya mutu. Ƙwallo guda in ya shiga tsakiyar mutanena sai ya kwantar da goma, wani lokaci iska ma ta taya shi, ni kuwa sai in yi ta gangarowa ƙwallona yana dukan ƙirjin Akawal yana komowa. Ban damu ba. In sahu ya zube in zura hannu cikin adudu in jera wani, ina kaɗa kuge da murfin gwangwani, ina kiran kaina Madawaki.

Abin da nake juyawa a raina yanzu shi ne yadda yaƙin yake ƙarewa, don ba ya ƙarewa yadda lissafi ya ce. Ranar da ƙwallo ya ɓantare kunnen Kili, sai na ga yaron nan ya tsuguna ya ɗauke shi, ya hure masa ƙura, ya sa cikin aljihun 'yar shararsa, ya ce wannan ya ji rauni an mai da shi gida. Daga ranar ya fara jera dawakinsa bayan wani fasasshen dutsen niƙa, wai ganuwa ce. Daga baya ya koma fito da uku, ya bar biyu a gida suna hutawa. Wanda ya fi ni kayan yaƙi nesa ba kusa ba, shi ne kullum yake neman sulhu, don duk abin da ya fito da shi fili mako guda ne na ransa. Ni kuwa, wannan yaro mai kaushi a gwiwa da bante a gindi, da magariba nakan share gawarwakin mutanena da gefen ƙafa, waɗanda ba su karye ba in mayar adudu, sauran in kai wa Inna ta hura wuta. Ko gezau.

Rigimarmu babba ba ta wajen ƙwallo ba ce, ta wajen suna ce: wa zai zama Musulmi? Duk labarin da muka sha a gindin wutar makarantar allo, hayaƙin kara yana sa mu hawaye, alluna jingine da gafaka, gefe ɗaya yake nunawa. A Badar mutum 313 ne suka tari wajen dubu. A Tabkin Kwatto, shekarar 1804, Sarkin Gobir Yunfa ne ya zo da barade da 'yan lifidi da Abzinawa, jama'ar Shehu kuwa, a ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu 'yan kaɗan ne, yawanci 'yan baka ne a ƙasa, amma Yunfa ne ya juya da gudu. Da muka shiga firamare kuma sai ga Ganɗoki na Bello Kagara, sai ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, littattafan da bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi, inda namiji guda yake faɗa wa runduna da kansakali marubuci ya gaji da ƙirga gawa. Ba wanda ya taɓa ba mu labarin da masu yawa suke da gaskiya. Saboda haka abokina ya ce magana a fili take, shi ne 'yan kaɗan, shi ne jama'ar Shehu, ni ne Gobirawa. Nakan ce ai jama'ar Shehu a ƙasa suke, masu lifidi su ne na Yunfa, ka duba dawakinka. Sai ya yi shiru, sai ya ce to amma su biyar ne. Haka muke ta yi har a kira salla.

Na kai ƙara wurin Kaka wata rana yana zaune a zaure kan buzunsa, yana murza igiyar rama a cinya, tandun tabarsa a gefe.

"Kaka, wai dole mai mutane da yawa shi ne kafiri?"

"Kai ja'iri, wa ya gaya maka?" Ya tofa wa tafinsa yawu ya ci gaba da murza. "Ka san Kwatarkwashi?"

Na san sunan, don 'yan kamasho suna kiransa a tashar Funtuwa in mota za ta Gusau. Ya ce to a can, yana yaro bai fi ni ba, mutanen Kano suka dawo daga Sakkwato, dawaki har ba a ganin ƙarshensu, suka tarar da 'yan sojan Nasara da ba su cika cikin masallacin unguwarmu ba. Ya ce waɗanda suka tsira sun bi ta ƙasar nan suna neman ruwa, kuma abin da suke ta faɗa shi ne ba su kai ga taɓa kowa da mashi ba. Ya ce masu yawan nan namu ne. Daga nan ya aike ni in karɓo masa garwashi.

Sai da na yi gemu na ga lissafin a takarda. Watan Fabrairu ne na 1903, Kano ta riga ta faɗi Sarki Alu ba ya gari, Waziri Ahmadu ne ya ja ragowar rundunar. Wani Laftana Wright da mutum 45 suka ja daga ta fuska huɗu, kafaɗa da kafaɗa, Turawa suka rubuta cewa mahaya 1,000 da dakaru 2,000 suka yi ta kawo musu hari har wajen awa biyu ba su fasa su ba. A nan Waziri ya kwanta, shi ya sa Kanawa suke ce masa Mai Shahada, shi kuma Wright aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Masu riƙe da bindigogin nan kuwa baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Shekara uku bayan haka, a Satiru kusa da Sakkwato, talakawa da gatari da fartanya suka rufe wata ƙaramar runduna irin wannan kafin ta gama jan daga, suka kashe Turawa uku, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Cikin wata guda aka dawo aka shafe garin, har yau kufai ne. Da na san wannan a lokacin da na sami abin faɗa wa ɗan gidan magina, ko da yake ban san ko gefena labarin yake goyon baya ko gefensa ba.

A gindin durumin ƙofar gidanmu kuma akwai wani yaƙin da ba a yarda yara su sa baki. Dara. Gurbi talatin a haƙe a ƙasa, layi biyar na shida-shida, sun yi santsi saboda yatsu, wannan da 'yan itace goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, ba wanda ya fi wani ko da ɗa guda, kuma ba ɗan da ya fi ɗan'uwansa daraja. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawa. Nakan tsaya bayan Baffa ina leƙe, ina jin warin goro da tabar gari, ina jin ƙarar ɗan itace in an caka shi da ƙarfi don a ba mutum haushi. Baffa yakan bari a ci nasa, ɗaya, biyu, har uku, 'yan kallo suna ta salati, shi yana ta sosa ƙeya kamar wanda ya ruɗe, ashe doki yake ɗaurawa, wato jerin nan da in ka matsa ɗa guda gaba ka ci, ka dawo da shi baya ka sake ci. In doki ya ɗauru, mai 'ya'ya goma sai ya zauna yana kallo ana tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na so wasan nan ƙwarai, kuma ina jin abin da ya ja ni shi ne na ga babban mutum mai rawani yana yin abin da nake yi a masussuka, yana ba da nasa a ci ba tare da fuskarsa ta motsa ba.

Shekarar da aka yi ta ɗibar soja saboda yaƙin basasa, yayan abokina ya bi jirgin da ke fitowa daga Ƙauran Namoda ya sauka Zariya, barikin kurata. Shi ne babban ɗan uwarsu, shi ke haƙo mata yumɓu a bakin rafi ya ɗauko a jaki, mutum mai faɗin kafaɗa da in ana langa a farin wata kowa yake so a ce ɓangarensu yake. Daga baya aka ce rundunar sojan ƙasar nan da ba ta fi mutum 10,000 ba ta kai wajen 250,000 kafin a ajiye makamai a Janairun 1970. Mu dai abin da muka sani shi ne rediyon mai shayi da ake kewayewa bayan isha'i, da uwarsa da ta riƙa aiko mu gidan waya a Funtuwa duk ranar da wani zai je, da yadda tukwanenta suka riƙa fashewa a wuta a shekarar don yumɓun da yara suke ɗebo mata akwai tsakuwa. Abokina ya daina fito da dawaki. Na je har gida da adudu a kai, ya ce Innarsu ta hana, ta ce ba ta son ganin ana wasan yaƙi a ƙofarta. Ya jera su biyar ɗin a kan katangar ɗakinta, daga ciki, kusa da jeren tasoshi. Na yi kwana biyu ina raba rundunata gida biyu ina yaƙi da kaina, abin bai yi armashi ba, kara da kara duk zubewa suke yi tare.

Yayan ya dawo, da ɗingishi a ƙafar hagu da wata akwatin ƙarfe mai kwaɗo, da wata irin Hausa ta bariki da ta riƙa ba mu dariya a ɓoye. Bai koma haƙar yumɓu ba. Ya sami gadi a wani sito na auduga a Malumfashi, in ya zo hutu kuma gindin durumi yake yini, aka buɗa masa wuri cikin manya tun bai kai ba, don an ce wanda ya je ya dawo ba yaro ba ne. Bai iya dara ba ko kaɗan. Ba ya yarda a ci masa ɗa ko guda, duk inda aka yi barazana sai ya ruga ya toshe, ya yi ta kare wannan yana kare wancan har 'ya'yansa su cushe wuri ɗaya su rasa inda za su motsa, Baffa kuwa yana can gefe yana ɗaura dokinsa a tsanake.

"Samari, ka ba da ɗaya ka sami uku mana," in ji Baffa.

"A'a Baffa, bar mini kayana."

Ana cinye shi kullum. Sai ya tattara tsakuwarsa ya ƙirga su goma sha biyu, ya ce a sake.