Jan Keke ko Baƙi: Inda Kuɗin Adashena Ya Tafi

Wannan makon zancen keke na kawo muku, masu jiran sharhin littafi su yi mini uzuri.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, lissafin duk mai ƙaramin albashi ya rikice. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ni a Tudun Wadar Zariya nake zaune, kuma tun da na gama difloma nake aiki a wata gonar kaji da ke bayan Wusasa, wajen dutsen Kufena. Tafiyar kilomita 9 ce, rabi kwalta, rabi jar ƙasa mai tsakuwa da gargada, wadda da damina take komawa taɓo. Da na zauna na yi lissafi, sai na tarar kashi ɗaya cikin uku na albashina aljihun 'yan acaɓa yake tafiya. Shi ya sa na shiga adashen wata takwas da abokan aiki, da niyyar ranar ɗaukata in sayi keke.

Irin Raleigh da Phoenix na iyayenmu suna da ƙarko, amma giyarsu ɗaya, kuma hanyata akwai hawa biyu da in ba turawa ka yi ba, sai ka isa wurin aiki jiƙe da gumi. Don haka hankalina ya koma kan keke mai giya, wanda Turawa ke kira keken hawan dutse. A kasuwar Sabon Gari na sami guda biyu da kuɗina zai iya taɓawa, dukkansu sababbi, dukkansu na matakin farko ne, wato mafi arha a jerin abin da kamfanoninsu ke ƙerawa. Ɗaya ja, ɗaya baƙi.

Jan nan, wallahi abin kallo ne. Gangar jikinsa ta alminiyum, da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Tayoyinsa inci 29, giya 24, birkinsa na faifai mai aiki da mai, irin wanda da yatsa ɗaya za ka tsayar da keke cak. Baƙin kuwa ƙarfe ne, ya fi nauyi, tayoyinsa inci 26, giya 21, birkinsa na waya mai matse rim da roba. Duk biyun suna da sifirin a gaba mai shanye gargada, kuma kayan giyarsu na kamfanin Shimano ne na Japan. Na baƙin Tourney ne, ƙarshen arha a wurinsu, na jan kuma Altus, mataki ɗaya sama. Bambancin kuɗi shi ne jan zai cinye adashen kaf har in ƙara da rance, baƙin zai bar mini canji.

Mai shagon ya ga inda idona yake komawa. Ya ce, "Malam, kai ɗan boko ne, ai wannan ne naka. Wancan na masu kai markaɗe ne." Na yi dariya, na ce, "Alhaji, bari in kwana da shawara."

Sati biyu na kwana da ita. Na ƙona data ba kaɗan ba ina kallon masu sharhin kekuna a YouTube, kuma kusan bakinsu ɗaya: babbar taya ta fi iya haye rami da dutse, birkin mai ya fi na waya kamawa, musamman cikin ruwa da laka, inci 26 kuwa yayinsa ya wuce. Ba ƙarya suka yi ba ko ɗaya. Sai dai na lura da wani abu. Duk lokacin da ɗayansu ya zo maganar lalacewa, sai ya ce ka kai shagon keke na kusa da kai. To ni shagon keke na kusa da ni wani dattijo ne da ke zama gindin dalbejiya a bakin layinmu, da akwatin sifana, da famfo, da bokitin ruwan neman huji. Baba mai faci muke ce masa, kuma tun ina firamare nake ganinsa a wurin.

Na kai masa hotunan kekunan biyu a waya. Ya daɗe yana kallon jan, ya sa na buɗa masa hoton bakin taya, sannan ya ce, "Ɗana, wannan bawul ɗin siriri ne, bakin famfona ba ya kama shi. Birkin nan kuma in ya sha iska, ban da abin zuƙe ta. Keke ne mai kyau. Amma in ka kawo mini shi, ni da kai kallonsa za mu yi." Da ya ga baƙin sai ya ce, "Wannan ko cikin dare ka tashe ni, zan kwance shi in ɗaure."

Daga nan na koma bin kayan ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina: in wannan ya lalace ranar Talata da asuba, ina zan same shi kafin ƙarfe bakwai?

Na fara da taya, domin ita ce mai yawan kai mutum wurin gyara. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona ya san tsidau, ƙayar nan mai kaifi ta kowane gefe. Huji dole ne, sai dai a yi maganar sau nawa. Na zaga shaguna bakwai ina tambayar tif da taya na inci 29, biyu kaɗai ke da su, su ma a tsadance. Inci 26 kuwa har mai tireda a bakin kasuwa yana rataye da shi. Wani ya ce mini ai tayar Phoenix inci 28 ce, za ta shiga. Ba ta shiga. Duk da sunan, faɗin rim ɗin tsofaffin kekunan nan milimita 635 ne, na inci 29 kuma 622, na inci 26 kuwa 559. Bawul ɗin baƙin irin na mota da babur ne, don haka duk inda ka ga mai faci ka sami iska. Na jan sai ka riƙa yawo da wani ɗan ƙaramin baki da ake ɗaura masa, ranar da ya ɓace kuma ka shiga uku.

Sai birki. Na mai rufaffe ne, yana daɗewa bai nemi komai ba. Amma ranar da iska ta shiga bututunsa, hannun birkin zai yi laushi har ya taɓa kan keke bai kama ba, kuma gyaransa sai da sirinji da man da aka yi domin sa. Wasu irinsa in ka zuba musu man birkin mota, robobin ciki za su kumbura su lalace. Birkin waya kuwa kowa yana ganin ciwonsa da ido: ko waya ta tsinke, ko roba ta cinye, kuma duk biyun kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. Aibinsa na gaskiya shi ne laka. In rim ya jiƙe yana rage kamawa, kuma yashi yana cin rim a hankali. Wannan na san da shi na karɓa, na ce da damina zan riƙa sauka gangara a hankali.

Yawan giya ma na duba shi. Giya 21 faranti uku ne a gaba, bakwai a baya. Giya 24 kuma uku da takwas. Da yawansu maimaita juna suke, abin da mai hawa tudu ke buƙata shi ne giyar da ta fi sauƙin takawa. A baƙin, ƙaramin farantin gaba haƙora 24 ne, babban na baya 28. A jan, 24 da 32. A takarda jan ya fi sauƙi, amma tayarsa ta fi girma, kowane zagaye ya fi cin ƙasa. In ka haɗa lissafin, kusan kunnen doki suke.

Gangar jiki kuma, alminiyum ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, amma in ya tsage, mai waldar bakin titi ba zai iya ɗinke shi da kayan aikinsa na yau da kullum ba. Ƙarfe kuwa ko a ƙauye za a like maka. Sannan baƙin yana da ramukan ɗaura kariya da madigadi, jan ba shi da su. Ni kuma duk Asabar ina ɗauko wa Umma kiret biyu na ƙwai a farashin gona, tana sayarwa a gida. Keken da ba shi da kariya ya kashe wannan 'yar sana'ar ke nan.

Duk wannan lissafi baƙin ya ba gaskiya, amma zuciyata ba ta saki jan ba, kuma na san dalili. A garin nan keke iri biyu ne a idon mutane. Akwai wanda in an gan ka a kai za a ce motsa jiki kake, kamar manyan da ke fitowa daga GRA da safiyar Lahadi. Akwai kuma wanda za a ce wane ya gama boko ya rasa ko babur. Jan na farko ne, baƙin na biyu. Ƙanena ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: "Yaya, in ka sayi baƙin nan, don Allah kada ka je da shi zance." Abokaina ma haka. Na gane cewa rancen da zan ci, rabinsa na birki da taya ne, rabinsa kuma na rufe bakin mutanen da ko kwabo ba su sa a adashena ba. Hausawa suka ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne tarihin keken kansa. A shekarun 1970 aka fara shi a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu samari irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suke tattaro tsofaffin kekuna masu faɗin taya, suna gyara su da hannunsu, suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin. Gasar da suka fara a 1976 sunanta Repack, saboda birkin baya yana zafi har giris ɗinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani bayan sauka. Sai a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, kuma sai a 1996 wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Tayar da suka yi duk wannan da ita inci 26 ce. Wato keken da ake cewa yayinsa ya wuce, shi ne wanda aka gina wasan a kansa, a hannun mutanen da suka fi kama da Baba mai faci fiye da masu sharhin YouTube.

Baƙin na saya. Da canjin na sayi hular kwano, da makulli mai sarƙa, da fitilar gaba da ta baya, da ƙaramin famfo, da tif biyu, na kuma sa aka ɗaura kariya da madigadi. Kilomita 18 nake yi a rana, kwana shida a mako, wato 108. Na ga damina biyu a kansa. Na yi faci ban san adadi ba, na canja robar birki sau da yawa, sarƙa sau ɗaya, wayar giya sau ɗaya, kuma babu gyaran da ya kwana. Kuɗin acaɓar da na daina biya, da shi na shiga wani adashen. Zancen ma na je da shi. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko fitilar tana haske sosai, tunda da dare nake komawa.

Ban ce jan ba shi da kyau ba. Da a Abuja nake, kusa da shagon da ke da kayansa, kuma don wasa nake so, in hau duwatsu ranar hutu in dawo, shi zan ɗauka ban yi shawara da kowa ba. A kan gangara mai tsakuwa ya fi baƙin nesa ba kusa ba. Har yau in wani ya wuce ni a kan irinsa sai na bi shi da kallo. Amma wanda keke ne ƙafarsa ta zuwa neman abinci, ranar da keken ya kwana a lalace, ranar albashinsa ta sami giɓi.

Ga duk ɗan uwan da ke tsaye tsakanin kekuna biyu irin haka, shawarata uku ce. Ka hau kowanne ka zaga, ka tsaya da ƙafa biyu a ƙasa ka ga ko akwai sarari tsakaninka da sandar sama, domin keken da ya fi ƙarfin tsawonka ciwon baya zai ba ka kome kyansa. Ka zaga kasuwar garinku ka tambayi kuɗin tif, da taya, da kayan birkin kowanne kafin ka biya. Sannan ka kai hotonsu wurin mai gyaran unguwarku ka ji ta bakinsa, tunda shi zai riƙa ganin keken bayan mai shago ya manta da fuskarka. Kuma kada ka kashe kuɗinka duka a kan keken, ka rage na hular kwano da fitila, don direbobinmu ba su cika ganin mai keke ba ko da rana tsaka.

Masu keke a cikinmu, ina son jin wane iri kuke hawa, da abin da ya fi ba ku wahala wajen gyaransa. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a abin da muke samu.