Daga Samaru Zuwa Sarayebo

Wanda ya tashi a Samaru, yake cefane a kasuwar Sabon Gari, ba a ba shi labarin zaman cuɗanya. Mun san masallaci da coci a layi ɗaya, mun kuma san ranar da hankali ke tashi. A Maris ɗin 1987 rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona majami'u, ranar 17 ga Yuni 2012 kuma bam ya tashi a cocin Katolika na Sabon Gari. Da wannan a raina na sauka Sarayebo, babban birnin Bosniya, ta jirgin Istanbul.

Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun yi masa zobe. A tsohuwar kasuwarsa maƙeran tagulla na ta ƙwanƙwasa butocin gahawa, wasu ma kwankon harsashi suke sassaƙawa ya koma alƙalami. Ga masallacin Gazi Husrev-beg tun 1531. Taku kaɗan sai babban cocin Katolika, sai na Otodoks, sai wurin ibadar Yahudawa. Ladan ya kira salla, ƙararrawa ta kaɗa, ba wanda ya waiwaya.

Amma a kan duwatsun nan aka girke manyan bindigogi daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, aka yi wa garin ƙawanya kwana 1,425, mutum fiye da 10,000 suka mutu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne harshen ɓangarorin da suka yi yaƙin kusan ɗaya ne, kamanninsu ɗaya. Sabiyawa Otodoks ne, Kuroshiyawa Katolika, Bosniyawa Musulmi. Da Yugoslabiya ta wargaje, Sabiya da Kuroshiya kowacce ta sa ido kan yankin da za ta yaga daga Bosniya. Ƙasa ake so, sai aka fake da guzuma aka harbi karsana. Tun 1989 shugaban Sabiya Slobodan Milosevic ya tara ɗimbin jama'a a Kosobo yana tuna musu yaƙin 1389 da Daular Usmaniyya ta Turkawa, tsohon miki na shekara 600. Ranar da kwamandan Sabiyawan Bosniya Ratko Mladic ya shiga garin Srebrenica a Yulin 1995, a gaban kyamara ya yi maganar ɗaukar fansa a kan Turkawa, alhali maƙwabtansa Musulmi yake nufi. Maza da samari fiye da 8,000 aka kashe. A ɓangaren Musulmi ma mayaƙa sun zo daga waje da sunan jihadi, wasunsu sun yi ta'asa, kuma dole a faɗa. Ɗan siyasa ba zai iya sa mutum ya harbi maƙwabcinsa don gona ba, sai ya fara shawo kansa cewa Allah yake yi wa aiki.

To, abin da ya burge ni shi ne waɗanda suka ƙi wannan kira. Ana tsakiyar ruwan wuta, ƙungiyar Yahudawa ta La Benevolencija ta buɗe ɗakunan magani da wurin dafa abinci, ba ta tambayar kowa addininsa. Bayan yarjejeniyar Dayton ta 1995 da ta kawo ƙarshen yaƙin, babban mufti Mustafa Ceric, da Kadinal Vinko Puljic, da babban limamin Otodoks Nikolaj, da Jakob Finci na Yahudawa suka kafa majalisar addinai a 1997, gawarwaki ba a gama tono su ba. Majalisar tana bin diddigin harin da ake kai wa wuraren ibada, shugabanni su fito tare su yi Allah wadai. Masallacin Ferhadija na Banja Luka da aka tarwatsa a 1993 an sake gina shi, har da duwatsunsa na asali da aka tsinto, aka buɗe a 2016.

Na gangara Mosta don ganin gadar da aka gina a 1566, wadda dakarun Kuroshiyawa suka rusa ranar 9 ga Nuwamba 1993. Tun 2004 ta sake tsayawa a kan kogin Neretva, samari na tsunduma daga ƙololuwarta cikin koren ruwa mai sanyin ƙanƙara. Raunin bai gama warkewa ba. Har yanzu akwai makarantun da 'ya'yan Katolika da na Musulmi ke karatu a gini ɗaya amma aji daban, wannan kuwa bai yi mini daɗi ba.

Mu ma muna da abin koyi a gida: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun ajiye gaba a Kaduna tun 1995. Ina roƙon limaman Samaru da fastocin Sabon Gari su kafa zama na dindindin irin na Sarayebo tun yanzu da ake lafiya, duk wurin ibadar da aka taɓa su isa can tare a ranar.